Kitson Waya a Hanyar Ngong

Wanda ya bar Garwa da safe, ya haye gadar kogin Binuwai, ya miƙi babbar hanyar da ta yi kudu zuwa Ngawundare, zai iso Ngong bayan tafiyar kamar kilomita 40. Hanya ce ta manyan motoci. Layin dogon da ya taso daga Yawunde a Ngawundare ya tsaya tun da aka kai shi can a 1974, saboda haka duk kayan jirgin ƙasa da za su Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena sai an sauke su an ɗora wa tirela, su bi ta nan. Hagu da dama gonakin masara ne da gyaɗa da auduga, da rugage jefi-jefi, da duwatsu can nesa. Ngong shi ne hedkwatar gundumar Ceboa a jihar Arewa ta Kamaru, kuma yawancin girmansa na baya-bayan nan ne. Tun daga shekarun 1970 manoma daga Arewa Mai Nisa, Tupuri da Mafa da Giziga da Mundang, suka riƙa gangarowa kwarin Binuwai neman ƙasar noma, suka tarar da Fulani da fataken Hausawa, Fulatanci ya zama harshen ciniki a tsakaninsu. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 mai hedkwata a Garwa, yana da masana'antar gurzar auduga a nan. Gabas da garin kuma madatsar ruwa ta Lagdo take, wadda mutanen Yola da Makurɗi suka fi sani da ambaliya, mutanen nan kuwa suka sani da kifi da wutar lantarki.

Kasuwar mako ta Ngong ta hatsi ce da ta dabbobi, kuma ranar cinta ba a rasa abin kallo: buhunan masara an jera su sun yi tsiri, dillalai suna kama hannun juna a kara, ƙura ta turnuƙe. Amma abin da nake so matafiyi ya tsaya ya duba ƙarami ne, yana iya wuce shi bai lura ba. Siririyar waya ce da ke saukowa daga kunnen ɗan acaɓa ta shige aljihun rigarsa, da irinta a kunnen yaron mota mai jiran a gama lodi, da a wuyan makiyayin da ya koro bijimi. Iyafis ke nan, abin da ake saye a faifan mai talla tare da caja da batir, a yi 'yan makonni ko watanni da shi, kunne ɗaya ya ɗauke, a jefar. A Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar sauti da kan cire igiyar hedfon ɗinsu su ɗaura wata da suka kitsa da hannu daga wayoyi huɗu ko takwas, suna cewa kiɗa ya fi fita. Ra'ayina shi ne sun yi daidai a aikin, sun kuskure a dalilin. Kitsa waya ƙarko yake ƙara mata, kuma inda ake bukatar wannan ƙarkon da gaske shi ne gari irin Ngong, inda duk hannayen da aikin ke nema suna nan a kasuwa ɗaya, ba su dai haɗu ba.

Sai an feɗe igiyar iyafis da reza ake gane abin da ya hana ta daɗewa. A ƙarƙashin baƙar robar akwai 'yan dammuna uku ko huɗu, kowane dami silin jan ƙarfe ne da bai fi kaurin gashin kai ba, an shafe shi da fenti mai hana wuta tsallakawa, ɗaya ja, ɗaya kore ko shuɗi, ɗaya launin ƙarfen kansa, an naɗe su a jikin wani farin zaren leda. Galibi ja na kunnen dama ne, kore na hagu, na ukun shi ne hanyar da wutar ke bi ta koma, kunnuwan biyu suna tarayya a kansa. In akwai makirfo, na huɗun nasa ne. Jan ƙarfe kuwa yana da hali guda: in aka yi ta lanƙwasa shi a wuri ɗaya sai ya ƙara tauri a wurin, juriyarsa ta ragu, ya tsage. Igiyar da ake naɗewa a jikin salula, a cusa aljihu, a zauna a kai, a fizgo ta in kira ya shigo, kullum a wuri biyu take shan lanƙwasa, a wuyan fulogi da inda ta shiga kunnen. Sili ɗaya ya tsinke yau, wani gobe, har ranar da sai an murza wuyan fulogin sauti ke dawowa. Zafin yankin yana taya ɓarnar. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa da kewaye kan haura digiri 40, kuma robar da aka fi yin wannan igiya da ita tana bushewa in rana da gumi suka daɗe suna cin ta, ta sandare, ta fara tsattsagewa. 'Yar lasifikar da ke cikin kunnen, wato maganaɗisu da naɗin waya da ɗan faifan leda, sau da yawa lafiyarta ƙalau. Abin da ya mutu shi ne ɓangaren da ya fi komai araha.

Maganin ciwon yana rataye a wani ɓangaren kasuwar, wajen masu sayar da igiyar shanu. Mai tufka bai taɓa ɗaukar zaren rama ko na buhu ya jera a miƙe ya ce ya yi igiya ba. Yakan murza kowane kashi ta gefe ɗaya, sannan ya haɗa su ya murɗa ta ɗaya gefen, ta yadda ƙoƙarin da kowane kashi ke yi na warwarewa shi ne ke ƙara matse igiyar. Hikimar da ke ciki ita ce ke aiki a waya. Duk abin da aka lanƙwasa, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya takure. In wayoyi suna kwance a jere, wadda ta faɗo ta bayan lanƙwasar ita kaɗai za ta sha jan, kuma kullum ita. In an kitsa su kuwa, kowace tana fitowa waje ta koma ciki sau da yawa a cikin taƙi ɗaya, sai wahalar ta rabu a tsakaninsu. Sannan kitso yana ajiye rara, domin wayar da ke cikinsa ta fi shi tsawo. In igiyar ta maƙale a hannun babur aka fizge ta, kitson ne zai fara matsewa kafin jan ya kai ga ƙarfen. Ga shi yana riƙe kansa da kansa ba sai an sa masa riga mai kauri ba, shi ya sa yake da laushi, bai kuma cika cukurkuɗewa a aljihu ba.

Aikin kansa ba ya bukatar inji. Ana yanko wayoyi huɗu masu rigar roba, kowace mai sili da yawa a ciki, a ƙara musu tsawo a kan mita 1.2 da aka saba yi wa igiyar iyafis, domin kitso yana cin tsawo. A ɗaure kawunansu a ƙusa, ko a danne su a bakin tebur. Mai kitson ya riƙe biyu a hannun hagu, biyu a dama. Ya ɗauki ta can ƙarshen hagu, ya bi da ita ta bayan biyun da ke binta, ya dawo da ita ta saman ɗaya. Sannan ya ɗauki ta ƙarshen dama ya yi mata haka nan ta ɗaya gefen. Hagu, dama, hagu, dama, sai ga igiya mulmulalliya tana fitowa daga ƙarƙashin yatsu, launuka huɗu suna zagaya ta. Gwanintar a daidaita ja take. In aka matse da yawa igiyar ta yi tauri, ta riƙa kai ƙara kunne duk lokacin da ta gogi riga. In aka sassauta ta yi ƙofofi, ta riƙa kama maɓalli da ƙaya. In kuma hankali ya ɗauke aka tsallake waya ɗaya, ba a ganewa sai an yi nisa, daga nan sai tufka da warwara. Saura kamar taƙi biyu a kai ƙarshe ake tsayar da kitson, a raba wayoyin biyu-biyu, a murɗa kowace biyu su nufi kunne ɗaya, a zura ɗan bututun roba a marabar, a haska masa ashana ya tsuke. Duk macen da ta iya kitson kai, da badukun da ke kitsa igiyar laya da fata, za su kama wannan tsakanin azahar da la'asar.

Inda kitso ya ƙare nan aikin mai gyaran salula ya fara, kuma ba a rasa irinsa a bakin tasha ko ƙarƙashin laima a kasuwa, da ƙarfen liƙinsa da dalma da mita da ɗan buroshi. Fulogin da aka sani, mai kaurin milimita 3.5, kashi uku ne in babu makirfo: tsinin na kunnen hagu, zoben tsakiya na dama, gindin kuma nan wayoyin komawa biyu ke haɗuwa. Sai an fara zura murfin fulogin a igiyar kafin a liƙa, in ba haka ba a gama aiki a tarar da murfi a kan tebur, a sake narkar da komai. Dalmar liƙi, wadda kuza ce da darma, tana narkewa ƙasa da digiri 200, amma robar da ke raba kashin fulogin ba ta jure ƙarfe mai zafi in ya daɗe a kai, saboda haka taɓawa ake yi a ɗauke. Bayan nan a gwada da mita, kowace waya da inda ya kamata ta fita, a tabbatar babu biyun da suka taɓa juna. A nan dole a faɗi iyakar kitso. Ba ya ceton wuyan fulogi, inda igiya mai laushi ta gamu da ƙarfe mai tauri. Abin da ke ceton wurin shi ne a jera bututun roba biyu ko uku, wani ya fi wani tsawo, ko a zura ɗan sifirin na cikin biro, domin lanƙwasar ta bazu maimakon ta taru a layi ɗaya; a cikin kunnen kuma a ƙulla igiyar ƙulli ɗaya, don in an ja, ƙullin ya tokare, liƙin ya tsira. Gyaran da aka fi gani, na a yanke inda ya tsinke a murɗa a naɗe da salatif, wani wuri mai tauri yake ƙirƙira a tsakiyar igiya, kuma a gefensa za ta sake tsinkewa.

Maganar sauti fa? Masu cewa kitso yana gyara sauti ba daga iska suka ɗauko ta ba. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa wayoyin tarho biyu-biyu, domin duk hayaniyar da wutar waje ta cusa wa murɗi ɗaya, murɗin da ke binsa ya soke ta. Har yau kebul ɗin da ke haɗa kwamfuta da intanet wayoyi takwas ne, an murɗa su biyu-biyu, saboda wannan dalili. Amma can ana maganar waya mai nisan gaske ce, ko sigina mai saurin gaske. Igiyar hedfon ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, kuma wutar da ke binta ta riga ta yi ƙarfin da za ta motsa lasifika. Hayaniyar da za ta kwaso daga iska a wannan ɗan tsawo ba ta kai kunne ya ji ba. Lasifikar iyafis turjiyarta kan zama om 16 ko 32, ta igiyar jan ƙarfe mai kyau kuwa ba ta kai om ɗaya ba, ko an kitsa ko ba a kitsa ba. Riba ɗaya ta gaske ita ce kowane kunne ya sami wayar komawarsa, abin da ke rage ɗan yoyon sauti daga hagu zuwa dama, shi ma mita ta fi kunne ganinsa. Wanda ya biya kuɗin saniya a igiyar azurfa ya ce ya ji garaya ta ƙara zaƙi, kuɗinsa ne, ba mai hana shi. Mai gyara a Ngong dai bai kamata ya sayar da aikinsa da wannan alkawari ba, domin ranar da mai saye ya saka ya ji sautin bai sauya ba, ya rasa shi ke nan, alhali abin da ya ba shi na gaskiya, wato igiyar da za ta shekara, bai ma fara nuna kansa ba.

Suka ta farko da za a kawo mai nauyi ce, kuma kowane ɗan kasuwa zai kawo ta: sabon iyafis a faifan mai talla ya fi ladan gyaran araha, to wa zai zauna yana kitso? A kan mafi arahar iyafis, gaskiyar mai sukar ce. Wanda aka manne kunnensa da gam, lasifikarsa ma ba ta da kirki, ba a ɓata masa dalma. Sai dai ba shi kaɗai ne a kunnuwan mutane ba. Akwai iyafis na asali da ke zuwa a kwalin salula, wanda mai shi ya san ba zai sami irinsa a faifai ba. Akwai babban hedfon na mai kula da na'urar sauti a wurin biki ko wa'azi, da na mai haɗa waƙa a ɗan ɗakin ɗaukar sauti, da na ma'aikacin gidan rediyo, da wanda ake samu a kayan gwanjo, lasifikarsa garau, igiyarsa ta ruɓe. Waɗannan kuɗinsu ya ninka ladan gyara sau da yawa, kuma in sun mutu a Ngong, samun madadinsu tafiya ce zuwa Garwa, wani lokaci har saƙo zuwa Duwala ko ƙetaren iyaka zuwa Yola. Shi ma mai sayen na arahar, lissafinsa na rana ɗaya ne. Wanda ke sayen abu ɗaya sau huɗu ko biyar a shekara ya riga ya biya kuɗin mai kyau, bai dai riƙe mai kyau a hannunsa ba. Araha ba ta ado. Batun lokaci kuma yana raguwa in aka raba aikin. Ba dole mai ƙarfen liƙi ya yi kitson ba. Wani na iya kitsa igiyoyi a gida ya kawo su a shirye, kamar yadda ake kawo kowace ƙaramar sana'ar hannu kasuwa, mai gyara ya liƙa kawai.

Suka ta biyu ta fi ta farko zamani: ai igiyar ma ta kusa zama tarihi. Kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a watan Satumba na 2016, wasu manyan kamfanoni suka bi sahu, yanzu ga na Bluetooth har a faifan mai talla. Wannan hujja tana tafiya daidai a garin da wuta ba ta ɗaukewa, amma Ngong ba haka yake ba. An gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982 da hannun Sinawa, ƙarfinta megawat 72, kuma shekaru da dama ita ce ƙashin bayan lantarkin jihohin arewacin Kamaru uku. In damina ta yi ƙaranci ruwan tafkin ya ja baya, sai rabon wuta, unguwa ta samu yau, wata gobe. Shi ya sa aka ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar a farkon shekarun 2020. Ƙauyukan da ke cika kasuwar Ngong kuwa da yawa turakun wuta ba su kai gare su ba, cajin salula ma biya ake yi wajen mai sola ko mai janareta. Iyafis marar igiya baki ne na biyu da ke neman caji, kuma ɗan batirin da ke cikinsa yana tsufa, zafi yana gaggauta tsufansa, an kuma manne shi yadda ba a sauya shi. In ɗaya ya faɗi daga kunnen ɗan acaɓa a kan hanya, ɗayan ya zama maraya. Akwai kuma abin da mutumin birni ke mantawa. Rediyon FM da ke cikin yawancin salula ba ya kamawa sai an soka iyafis, domin igiyar ce eriyarsa: zangon FM, daga megahaz 87.5 zuwa 108, tsawon igiyar iskarsa kamar mita 3 ne, kuma waya mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai ta isa ta kamo shi. Ga manomin da ke son jin labarai ko sanarwa ba tare da ya sayi data ba, wannan siririyar waya ita ce rediyonsa. Ba banza ba yawancin wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda su ne suka cika hannun mutane a wannan yanki, har yanzu suna zuwa da ramin.

To, in hannaye suna nan, bukata tana nan, me ya rage? Kayan aiki. Waya mai laushi mai sili da yawa, da fulogin da ake kwancewa a liƙa, da bututun roba mai tsukewa, ba kayan da fatake suka saba cika kwali da su ba ne, domin ribar sayar da sabo ta fi sauri. Mai gyara yana iya fara da abin da ke gabansa. Tsohuwar igiyar USB ta gaske wayoyi huɗu ne a cikinta, ja da baƙa da kore da fara, daidai abin da kitson ke bukata, haka ma igiyar tsohon linzamin kwamfuta. Sai dai a yi hattara, domin igiyoyi masu araha da yawa ba jan ƙarfe ba ne, sanholo ne ko baƙin ƙarfe da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Gwajin ba wuya: in maganaɗisu ya kama silin, baƙin ƙarfe ne, in aka haska masa wuta ya lanƙwashe ya zube, sanholo ne, ba ya shan dalma da kyau, kuma ba ya jure lanƙwasa. Wayar intanet mai sili ɗaya ƙwaya, wadda ake bi da ita cikin bango, ita ma ba ta yi, nan da nan take karyewa. Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne audugar da ake gurzawa a nan Ngong, wadda mafi yawanta ake ɗaurewa a yi waje da ita ta tashar Duwala, a da irinta ce rigar wannan igiya. Tsofaffin igiyoyin tarho da na hedfon, kafin roba ta yi yawa, zaren auduga ko na siliki ake saƙa musu. Ba na ce a koma can ba. Auduga tana shan gumi da datti, a ƙurar hunturun nan kuwa mako ɗaya ya ishe ta sauya launi. Igiyar takalmi ta leda, in aka zare cikinta aka zura wayoyin, ta fi ta jure wahala.

Akwai suka ta uku, wadda ba ta kasuwa ba ce, ta mutunci ce. Wani zai ce yabon gyara yabon talauci ne. Mutumin Ngong ba don hikima yake liƙa tsohon abu ba, don rashi ne, kuma abin da ya cancanta shi ne wuta tsayayya da kuɗin sayen sabo, ba a zo ana koya masa kitson waya ba. Rabin farko gaskiya ne, ba mai musun cewa wuta da kuɗi sun fi. Amma ƙasashen da suka sami wutar da kuɗin yanzu su ne ke juyowa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Faransa ta fara tilasta wa masu sayar da wasu kayan lantarki su rubuta makin sauƙin gyara a jikinsu daga Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024. Su kansu masu ƙera iyafis a Sin sun daɗe da fito da irin wanda igiyarsa ke cirewa daga kunnen, da ɗan soket mai ƙafa biyu, kuma sau da yawa igiyar da ke zuwa da shi murɗaɗɗiya ce ko kitsattsiya. Ke nan masana'antar ta amince cewa igiya ce ke fara mutuwa, ta kuma amince da maganin. In fatake za su riƙa kawo wannan iri maimakon wanda aka manne da gam, gyaran ma ba zai bukaci a fasa kunnen ba.

Wuri ɗaya da aikin ke ƙara wuya shi ne makirfo, kuma yawancin masu iyafis a nan don kira da saƙon murya suke sa shi, ba don kiɗa kaɗai ba. Fulogi mai makirfo kashi huɗu ne, sai wayoyin huɗu su zama hagu da dama da komawa da makirfo, kunnuwan su koma tarayya a wayar komawa ɗaya, ko kuma a ƙara ta biyar, kitson ya sauya salo. Siginar makirfo kuma rarrauna ce ƙwarai, ita kam tana kwasar hayaniya, don haka a nan ne kaɗai murɗa ta da wayar komawa ke da amfanin da kunne zai iya ji. Sannan tsarin fulogin iri biyu ne. A wanda ya fi yawa yanzu, daga tsini ana jera hagu, dama, komawa, makirfo. A tsohon tsarin da wasu wayoyin Nokia da makamantansu suka bi, an musanya biyun ƙarshe. In aka liƙa bisa tsarin da bai dace da salular ba, sai muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga wani ɗaki, ta dawo daidai sai an danne maɓallin amsa kira. A kasuwar da sababbin wayoyi da tsofaffi ke yawo tare, mai gyaran da ya san aikinsa ba ya kunna ƙarfe sai ya ce, "Alhaji, kawo wayar da za ka sa wa in gani."